Koren Maɓalli a Kwalbar Turare

Ranar Lahadi

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya aiki, yaya masu jego, yaya kuma ciwon bayan nan da kike ɓoye mini? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan kowa ƙalau. 'Yata takwararki ta shiga makaranta, kuma ba suna kaɗai ta ɗauko naki ba, har da taurin kan: ranar farko ta ce wa malamarsu kujerar da aka ba ta ba ta yi mata ba. Babanta yana gaishe ki. Kawu Tela ma yana gaisuwa, ya ce in tambaye ki ko alluran can ma suna da zafi irin na nan.

Na san za ki ce me ya hana ni kiranki a waya. Ke kika kafa dokar cewa labarin wasanmu na Jirgi ba a ba da shi sai a rubuce, kuma ko na kira, minti uku ne ki ce ana nemanki a ɗakin haihuwa. To ki gyara zama, don jiya an yi abu.

Yaya, mun iso. Shekara tara muna tuƙa jirgin nan a tsakanin taurari, kowace Asabar bayan la'asar a ɗakin bayan shagon Kawu, jiya sai ga Koriyar Duniya a gabanmu. Kawu ya kwashe yadin mutane daga kan teburin yanka, ya zana ta da allin ɗinki, ƙatuwa, har ta cinye gefen da muke ajiye kofuna. Dogo direba ya tashi ya taka rawa sai da kansa ya bugi fanka. Malama, ƙawarki, ta cire tabarau ta goge ido, wai abu ne ya faɗa mata. Ni kuwa kujerarki na kalla. Tana nan inda kika bar ta, da kwalin da muka naɗe muka tokare gajeriyar ƙafarta, ba wanda ya taɓa zama a kai.

Kwanan baya takwararki ta tambaye ni mene ne amfanin kwalbar turaren da ba a yarda ta taɓa. Na ce mata koren maɓallin da ke ciki daga rigar kakarta Inna aka cire shi, kuma shi ne Matuƙiya, wato ke, wadda ta fara ɗaga jirgin nan ranar da ranar duniyarsu ta mutu. Na ce mata da aikin shekara biyu ya kira ki nesa, sai muka kwantar da Matuƙiya barci a akwatin gilashi a cikin jirgin, kwalbar nan ita ce akwatin. Na ce ni ce Mai Gadi, mutumin ƙarfe mai zuciyar garwashi da ke tsaye a bakin akwatin, kuma ƙuri'arki amana ce a hannuna har ki dawo. Sai ta ƙirga da yatsu ta ce ai biyun ta wuce, an shiga ta uku har ta kusa ƙarewa. Na ce ta tashi ta wanke hannu.

To kin san ba a sauka ko'ina sai an zaro takarda daga gwangwanin ƙaddara, inda kowannenmu ke jefa fitinar da ya ƙirƙiro ba tare da suna ba. Kawu ya sa hannu ya zaro, ya karanta. Wai tsohon aljanin da ke cikin tukunyar injin ya gaji, ƙarfin da ya rage masa ba zai ɗauki abu biyu ba. Ko dai ya sauke jirgin, ko ya ci gaba da hura numfashi a akwatin gilashi. In sauka za a yi, sai an kwance akwatin an sake shi a sararin sama. In kuwa ba haka ba, jirgi zai yi ta kewaya Koriyar Duniya, mutum dubu bakwai na leƙenta ta taga, har ranar da Matuƙiya ta farka.

Wallahi Yaya sai da na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman mai baƙar zuciyar da ya rubuta wannan, kowa ya sunkuyar da kai. Dogo nake zargi, don shi ne ya taɓa sa kwarkwatar ƙarfe ta cinye mana rumbu. Na miƙa hannu a ba ni takardar in liƙa a littafi kamar kullum, Kawu ya ce man keke ya ɓata ta, zai goge ya kawo. Tsufa ya fara kama Kawunki.

An sa Asabar mai zuwa don muhawara, ta bayanta kuma a kaɗa ƙuri'a. Kada ki damu ko kaɗan. Mu shida ne har da ke. Ina da tawa, ina da taki, ga ta Baban takwara, uku ke nan, kuma ke kika ce in ƙuri'a ta yi kunnen doki abu yana nan yadda yake. Su yi ta kewayawa har kansu ya juya. Ba mai taɓa akwatin nan ina numfashi.

Ki rubuto mini abin da Matuƙiya za ta ce in da tana ji, in karanta musu. Ki kuma faɗa mini watan da za ki taho, don na sa an gyara tagar ɗakinki, ruwa ya daina shiga.

Ki gaida abokan aikinki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa mai kewarki kullum,
Auta

Ranar Litinin

Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan'uwa, da fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu muna nan lafiya, sai dai takwararki ta yi ɗan mura, ta warke. Ban ga amsarki ba. Na kira sau biyu ba ki ɗauka ba, na ce wataƙila matan garin ne suka haɗa baki suka haihu rana ɗaya.

An yi muhawara, kuma ba a yi ta da daɗi ba.

Malama ce ta fara, da yake ita ce Alƙaliyar jirgi. Kin san ta da lissafi, ta zo da takarda har da layi-layi. Wai mutum dubu bakwai, a cikinsu akwai yaran da aka haifa a jirgi ba su taɓa taka ƙasa ba, ba su san ƙamshin ruwan sama ba, ta yaya za a tsare su saboda mutum ɗaya da ke barci. Na ce mata wannan mutum ɗayan ita ta kwaso su daga duhu, in ba don ita ba da babu dubu bakwan balle a ƙirga su. Ta ce Matuƙiya da kanta in an tashe ta cewa za ta yi a sauka. Na ce to a tashe ta mana a tambaye ta. Sai ta hau gyara tabarau. Ita da kuka tashi tare, kuka yi makaranta aji ɗaya, ita ce yau take neman a jefar da ke. Ban faɗa mata haka ba, amma ta gani a idona.

Dogo kuwa, Ɓarawo Mai Fukafukai a wasa, cewa ya yi shi ya gaji. Wai shekara tara, ya yi aure a cikin wasan nan, ya canza mota uku, gashin kansa ya zube, yana so ya ga ƙarshen labari kafin ya fara dogara sanda. Na ce masa ɗan'uwa, wanda bai iya jiran fasinja ya gama rufe ƙofa ba dama ina zai iya jiran mutum. Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce da ni, Auta, wani jiran ba jira ba ne. Na ce ya fassara, ya ce shi direba ne ba malami ba.

Na kawo musu hanyoyi har uku. Na ce Mai Gadi zai ciro garwashin zuciyarsa ya ba aljani ya ƙara ƙarfi, ni in mutu ke ki rayu. Kawu ya ce takarda ta ce abu biyu ne, ba ta ce uku ba. Na ce a sauke mutane kaɗan-kaɗan da ƙananan kwale-kwale. Malama ta buɗe littafi na huɗu ta nuna mini da rubutun hannuna cewa mun ƙone su a yaƙin Tauraruwa Mai Wutsiya. Na ce to Ɓarawo ya sato wani aljanin. Dogo ya ce fukafukansa sun yi tsatsa. Duk ƙofar da na taɓa sai in tarar an riga an sa mata sakata. A da in na kawo dabara Kawu har tafi yake yi. Ran nan ko kallona bai yi ba, yana ta warware zare yana naɗewa.

Raina ya ɓaci, na tuna musu asalin wasan. Na ce ba don su aka fara shi ba. A barandar asibiti kika fara mini shi, lokacin da Inna ke kwance, ina 'yar shekara goma sha bakwai ina kuka, kika ciro maɓalli daga rigarta da ke cikin jaka kika ɗora a kan benci kika ce ga jirgi, ina za mu. Su daga baya suka shigo, kowa da ƙafarsa. Na ce bare ba ya zuwa ya tarar da gida ya ce a fitar da mai gida. Na san maganar ta yi nauyi, musamman ga Kawu da ya ba mu ɗaki da tebur duk shekarun nan. Zan ba shi haƙuri, amma sai bayan ƙuri'a.

Baban takwara bai ce uffan ba har aka tashi. Kin san shi, Mai Kula da Tukunya a wasa, mai gyaran inji a waje, duk ɗaya ne, sai ya kwance abu gaba ɗaya kafin ya ce ga ciwonsa. A hanya na tsare shi na ce ya faɗa mini inda ya tsaya. Ya ce shi ba zai taɓa yin abin da zai cuce ni ba. Na ce ba wannan na tambaya ba, farin maɓalli na jira zai jefa ko baƙi na sauka. Ya ce in kwantar da hankalina. To na kwantar. Mutumin da ya zo gyaran keken Kawu ya ji muna rigima a kan yadda za a ciyar da aljani, ya ajiye sukudireba ya ce a ba aljanin waƙa ya ci, har kika ce wannan ba zai bar gidanmu ba, shi ne zan tsaya ina rantsarwa?

Ki yi ƙoƙari ki amsa kafin Asabar, ko layi biyu ne. In na karanta musu da bakinki, kunya kaɗai ta isa ta gyara su.

Ki huta lafiya. Allah ya tsare mini ke.

Ƙanwarki,
Auta

Ranar Lahadi

Yaya,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, in dai lafiyar jiki ce.

An kaɗa. Huɗu da biyu.

Bari in ba ki shi yadda ya faru. Kawu ya raba wa kowa maɓalli biyu, fari na jira, baƙi na sauka. Ni ya ba ni huɗu, nawa da naki. Aka zagaya da 'yar jakar nan da ya ɗinka, kowa ya tura hannu ciki ya saki ɗaya. Na saki fari biyu ina murmushi, har ina tsokanar Dogo cewa ya shirya kewaye. Kawu ya zazzage jakar a tsakiyar Koriyar Duniya. Fari biyu, baƙi huɗu. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, kamar wadda ba ta yi makaranta ba.

Ƙuri'ar asiri ce, amma wane asiri ya rage? Farare biyun nawa ne. Na juya na dubi Baban takwara, ya kafa wa ƙasa ido kamar ya yar da allura. Shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya. Jiya da safe na zuba masa ruwan wanka, ya ce mini Allah ya ba mai gaskiya sa'a, na ce amin da ƙarfi. Ina zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Ban yi kuka a gabansu ba, wannan kam ban ba su ba. Kawu ya turo mini littafi da alƙalami. Kin san aikina ne, muhawara da fensir, hukunci da tawada, kuma abin da tawada ta hau ba ya gogewa. Na rufe alƙalamin na ce ba zan rubuta ba. Malama ta ce doka ce. Na ce tunda dokar ake so, doka ta ce ba a sa tawada sai an liƙa takardar ƙaddara a saman shafi, ina takardar? Kawu ya shafa aljihu ya ce ya bar ta a wata rigar. Na ce to ranar da rigar ta dawo daga wanki sai a neme ni. Na ɗauki kwalbar turaren na sa a jakata na fito. Ba wanda ya hana ni.

A gida ya biyo ni yana Maman takwara, ki saurare ni. Na ce me zan saurara? Da ya ce mini baƙi zai jefa, da na ji haushi na kwana biyu na huce, ra'ayi riga ce kowa da irin tasa. Amma ya bar ni na shiga ɗakin nan ina taƙama da shi. Ya ce akwai abin da ba shi ya kamata ya faɗa ba. Na ce to wa ya kamata? Ya yi shiru. Shirun nan nasa da nake yabo a da, jiya ji na yi kamar in fasa shi da muciya.

Na san mutane za su ce wasa ne, maɓalli ne da alli. A shagon buga takardu da nake aiki, yarinyar da muke tare ta ga idona ta tambaya, na ce mata kaina ke ciwo, don in na ce an jefar da yayata a sararin sama za ta kira mini motar asibiti. Ke kaɗai kika san ba wasa ba ne. Duk Asabar in na ga kwalbar nan a kan tebur, ji nake kina hanya. Su huɗu sun zauna sun duba sun ce ba ki cancanci a jira ki ba, ciki har da mijina.

Ki yi haƙuri, amanarki ce ban iya karewa ba. Amma tawada ba ta hau ba tukuna, kuma alƙalamin yana hannuna. Ki rubuto ki ce ba ki yarda ba, mai abu ya fi mai riƙo ƙarfi, dole su saurara. Don girman Allah ki amsa.

Taki,
Auta

Ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ba zan tambayi aiki ba, na ji yana tafiya daidai, har ma ya zama na dindindin.

Shekaranjiya da hantsi Kawu ya zo shagonmu da kansa, shi da ba ya barin kekensa ko gobara ake yi. Ya tsaya a bakin kanta yana juya hula a hannu, ya jira masu buga takarda suka ragu. Sannan ya ciro 'yar takarda daga aljihun gaba ya ajiye mini, ya ce shi ya gaji da ɗaukar kayan da ba nasa ba. Babu ɗigon man keke ko ɗaya a jikinta.

Ban ma karanta ba na gane. Wa ke ja wa harafin ƙarshe wutsiya har ta sauka layin ƙasa in ba ke ba? Da wannan rubutun kika koya mini rubuta sunana. Shekara uku ina adana wasiƙunki a gwangwanin alewa. Ashe ina ta zargin Dogo, bawan Allah, mai baƙar zuciyar da nake nema a fuskokinsu tana can tana karɓar haihuwa.

Sauran Kawu ya faɗa mini, wanda ya rage Baban takwara ya cika da na tsare shi da takardar a hannu. Tun bara kika sa hannu a takardar zama. Kin kama gida mai ɗaki biyu, har kin dasa bishiyar lemo a tsakar gida, Malama ta ga hotonta. Wata huɗu da suka wuce kika rubuto wa Kawu, kika sa wannan takardar a ciki, kika ce ranar da muka iso Koriyar Duniya ya kwashe duk abin da ke gwangwani ya bar ta ita kaɗai. Kika kira su ɗaya bayan ɗaya kika roƙe su su jefa baƙi. Kika ce kada a faɗa wa Auta, za ta gane da kanta, a wasa abin zai fi zo mata da sauƙi. Har mijina kika kira, minti arba'in, in ji shi. Ni minti uku.

Yaya, ban ce kada ki zauna ba. Wannan nake so ki fara ji. Kin yi wahala a kanmu tun kina yarinya, kin bar karatu shekara biyu kina jinyar Inna, kin aurar da ni kafin ki yi tunanin kanki. In kin sami inda ranki ya kwanta, wallahi da kin faɗa mini da na yi kuka na mako guda, in tashi in ɗaure miki labulen ɗakinki da tukwanen Inna in aika miki. Abin da ya ƙona ni, kin bar ni ina share ɗaki duk Juma'a. Na rubuto miki na gyara taga, kika karanta, kika yi shiru. Kin bar ni na tsaya gaban mutum huɗu da suka san gaskiya ina zage-zage don kare ki, na ce wa Kawu bare a ɗakinsa, na daina yi wa mijina magana kwana huɗu. Suna kallona da tausayi, ni ina zaton kunyar cin amana ce ta sa suke sunkuyar da kai. Kuma ƙuri'arki, da na jefa fari da sunanki ina alfahari, ashe ke baƙi ce tun farko.

Na san inda kika samo dabarar. Ranar da Inna ta cika, kin fito daga ɗakin kika same ni a kan benci, bakinki ya kasa. Sai kika ɗauki maɓallin kika ce Mai Gadi, ƙaramin watan da ke bin jirginmu ya mutu, amma jirgi zai ci gaba. Na gane, kuma har gobe ina gode miki, don a ranar ba zan iya ɗaukar kalmar kanta ba. Amma ranar kina zaune kusa da ni, hannunki a kafaɗata. Kuma shekarata goma sha bakwai. Yanzu ni uwa ce, Yaya. Na yi naƙuda ta kwana biyu kina riƙe da hannuna, kin san abin da zan iya ɗauka. Wannan karon ba don ni kika yi hannunka-mai-sanda ba. Don kanki kika yi, don kada ki ji muryata lokacin da zan ji.

Na ba Kawu haƙuri, har ƙasa na durƙusa. Ya ce shi ne da neman gafara. Da Baban takwara kuma mun fara magana, amma na faɗa masa ko Yaya ce ta ce ya rufe ni, ni ce matarsa ba ke ba. Bai musa ba. Wannan tabon zai ɗan jima.

Jiya Laraba na tara su, ban jira Asabar ba. Na liƙa takardarki a saman shafi da hannuna, na buɗe alƙalami. Huɗu ta fi biyu, ban taɓa hukuncinsu ba. Amma kin manta doka ɗaya, kuma ke kika kafa ta: mai riƙon amana shi ke faɗin yadda abin amanarsa ya ƙare. Ga abin da na rubuta, na kwafo miki shi kalma da kalma.

"Da aka zo kwance akwatin gilashi, Mai Gadi ya ce a bari ya yi sallama. Ya ɗaga murfin, sai ya tarar babu kowa a ciki. Matuƙiya ta daɗe da farkawa, ta fita ta ƙaramar ƙofa ta sauka a wata tauraruwa da ta yi mata, ba ta tashi mai gadinta ta ce masa sai wata rana ba. Ba wanda ya kashe ta, ba wanda ya jefar da ita. Akwati babu kowa Mai Gadi ya yi shekara yana tsaro. Aka saki akwatin, jirgi ya sauka."

Da na karanta, Malama ta yi kuka sosai, wannan karon ba ta ce abu ne ya faɗa mata a ido ba. Dogo ya ce to yanzu Mai Gadi fa, me zai yi a Koriyar Duniya? Na ce zai nemi inuwa ya zauna, ƙafafunsa sun gaji. Kawu ya ɗauko tsumma zai goge allin, takwararki ta ce a bar mata ta yi wa duniyar bishiyoyi. Da ta rasa inda za ta tsaya ta kai tsakiyar tebur, sai ta ja kujerarki ta hau. Kowa ya dube ni. Na ce a gyara mata kwalin kada ta faɗi.

Za ki ji wani abu mai tauri a kusurwar ambulan ɗin nan. Maɓallinki ne. Na Inna ne, ke ce babba, ke ya kamata ya zauna wa. Kwalbar na wanke ta na ba takwararki tana tara duwatsu. Makullin ɗakinki yana wurina, ban san abin da zan yi da shi ba tukuna.

Har yanzu ba ki faɗa mini komai ba, Yaya. Kawu ya faɗa, mijina ya faɗa, aljanin tukunya ma ya faɗa. Ke nake jira, kuma wannan ne jira na ƙarshe da zan yi miki. Ki ɗauki takarda ki rubuta, Auta, ba zan dawo ba. Kalma huɗu ce bayan sunana. Kada ki aiko ta hannun Kawu, kada ki sa ta a bakin Matuƙiya. Ki rubuta da tawada.

Allah ya sa lemon ya yi 'ya'ya.

Ni ce,
Auta